Ranar Haihuwar Lasisina

Alhamis, 11 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe

Ɗinki biyar aka yi wa jikata Niuniu a goshi. Likita ya ce yara suna warkewa da wuri, in ta girma gashi zai rufe tabon. Sai ka ce gashi ne ya dame ni.

Ba zan rubuta abin ranar Talata ba. Haitao, ɗan da na haifa, ya riga ni ba da labari a asibiti. Ya gaya wa matarsa Lifen cewa yarinya ta faɗo ne daga matakalar gidana ina kicin ina dama kunun gero. Lifen ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Shekara talatin da ɗaya na yi a masaƙa, babu shugaban sashen da ya taɓa rufe mini baki, sai ga shi ɗana ya rufe shi da harara ɗaya.

Matakalata ba ta taɓa kowa ba. Wannan kam na rubuta.

Asabar, 13 ga Afrilu, da hantsi

Lifen ta turo saƙo: "Mama, ki ɗan huta kwana biyu. Mahaifiyata za ta riƙa ɗauko Niuniu daga makaranta."

Shekara biyu ina tsayawa a ƙofar makarantar nan ƙarfe huɗu, ko ruwa ko iska. Yau an gane ina bukatar hutu.

Lahadi, 14 ga Afrilu, bayan abincin rana

Haitao ya zo da ledar tuffa. Tun yana ƙarami, in ya shigo da abu a hannu na san akwai abin da zai fita da shi. Ya zauna a kujerar babansa, ya fere tuffa ɗaya ya miƙo mini, sannan ya ce saƙo ya shigo wayarsa. Kyamarar mararrabar nan ta ɗauki motarsa ta keta jan danja ranar Talata. Maki shida na laifi.

"Mama, ina da takwas a kaina," in ji shi. "In aka ɗora shida na wuce sha biyu. Su karɓe lasisi, in zauna aji kwana bakwai, in sake jarrabawa. Kamfani kuwa ba ya riƙe direban da ya cika maki, kin sani."

"Na sani."

"To sai rumbun Mama."

Haka suke kiran lasisina a gidan nan, kuma dariya suke yi in sun faɗa. Marigayi mijina Tsoho Meng ne ya tura ni makarantar koyon tuƙi ina da shekara hamsin da biyu. Na ɗauka so yake in riƙa kai shi kamun kifi. Sau uku na faɗi jarrabawar, na huɗu na ci, na dawo gida ina rawar jiki, ya karɓi katin ya sa a aljihun tebur ya ce, "Madalla, yanzu gidan nan yana da ƙarin maki sha biyu duk shekara." Tun ranar ban sake riƙe sitiyari ba. Shekara tara kenan duk wanda kyamara ta kama a dangi, ni ake kaiwa ofishin 'yan sandan hanya in ce ni ce. A takarda babu mai gudu irina a duk birnin Luoyang.

Na ce masa bana ai sun riga sun cinye. Shida nasa na lokacin kaka, uku na ƙanen babansa, saura uku.

"Shi ya sa za mu jira," in ji shi. "Shida ga Mayu lasisinki zai cika shekara, ya koma fari fat. Sai mu je da safe, minti goma mun gama."

Bai duba waya ba, bai duba takarda ba. A ka yake riƙe da ranar.

Ban ce zan sa hannu ba. Shi ma bai tambaya ba, don bai taɓa tambaya ba.

Talata, 16 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Mako ɗaya cif. Na wanke labule duka, har wanda na wanke jiya.

Laraba, 17 ga Afrilu, da yamma

Na je rawa a dandali don kada a ce ina ɓuya. Yaya Dou, wadda muka yi aiki a layi ɗaya a masaƙa, ta ja ni gefe tun kafin a kunna kiɗa.

"Shulan, fuskarki kamar awarar jiya. Maganar matakala ce? Yara ai faɗuwa suke yi."

Na ce ba ita ba ce, maganar maki ce.

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Wannan ne abin ɗaure fuska? Nawa mijin 'yata ne ke cinyewa, ko ganin katin ba na yi. Ke me za ki yi da maki, miya za ki zuba su? Ki ba yaro abinsa."

"Ba abinsa ba ne."

"To na wa? Naki? Ke da ko keke ba kya hawa."

Na ce nawa ne ko da a aljihun tebur za su ruɓe. Ta ce tsufa ya zo mini da rowa. Muka yi rawa baya da baya, ba wadda ta ƙara yi wa wata magana, amma da aka tashi ta cusa mini gyaɗa soyayya a aljihu.

Juma'a, 19 ga Afrilu, da safe

An cire ɗinki yau. A hoton da Lifen ta sa a zauren dangi na waya na gani. Ba a kira ni ba.

Lahadi, 21 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

Yau sha uku ga wata na uku a lissafin wata. Shekara sittin da ɗaya na cika. Na dafa wa kaina doguwar taliya da ƙwai ɗaya, na shanye ba tare da na tsinke ta ba, yadda ake yi don tsawon rai, duk da ban ga abin da zan yi da tsawon ba.

Ƙarfe biyar waya ta yi ƙara, sunan Haitao. Zuciyata ta yi sanyi, ba zan ɓoye ba. Har na goge hannu a riga kafin in ɗauka.

"Mama, don in tuna miki ne. Saura kwana sha biyar. Ki nemo katin shaidarki ki haɗa da lasisin wuri ɗaya, kada ranar mu tsaya nema."

Na ce, "Shi kenan?"

"Shi kenan. Akwai wani abu ne?"

Na ce babu. Lasisina yana da ranar haihuwa a gidan nan, har ana ƙirga masa kwanaki. Ni ce ba ni da ita. Na ji haushi, kuma har yanzu ina jin sa.

Talata, 23 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Mako biyu. Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 25 ga Afrilu, da tsakar rana

Haitao ya kira daga cikin motar kamfani, ina jin ƙarar hanya a bayansa. Na ce ya tsaya ya faka tukuna. Ya ce ya faka. Ƙarya yake yi, ina jin injin.

"Mama, labari ya ɗan canza."

Lifen ta ɗauki wayarsa za ta duba wani abu, ta ga saƙon 'yan sanda. Lifen ba wawuya ba ce, a kantin magani take aiki, karanta kwanan wata ne sana'arta. Tara ga Afrilu, huɗu da minti ashirin. Biyar saura muna asibiti. Ta haɗa biyu da biyu.

"To me ka ce mata?"

Ya faɗa da sauri kamar mai haɗiye magani. Wai ya ce mata ni na matsa sai na gwada tuƙi, ya ba ni sitiyari don ya faranta mini, na rikice a danja, na taka birki da ƙarfi. Wai maganar matakala ya ƙirƙira ne don ya rufa wa uwarsa asiri.

"Ka rufa mini asiri."

"Mama, ai duk ɗaya ne. Ranar shida dama za ki ce ke ce ke tuƙi. Kin ga magana ta zo daidai, takarda da baki."

Ta zo daidai kuwa. Da matakala, ni ce tsohuwar da ta yi sakaci. Yanzu ni ce tsohuwar da ta ɗauki jikarta ta je koyon mota a tsakiyar gari, shi kuma ɗa nagari. Kuma wannan karon hukuma za ta buga hatimi a kai.

Na kashe wayar ban yi sallama ba. 

Asabar, 27 ga Afrilu, da hantsi

Lifen ta zo. Ba ta cire takalmi ba, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Mama, shekara bakwai ina gidan nan ban taɓa ɗaga miki murya ba. Tambaya ɗaya zan yi. Me ya kai ki? Da yarinya a cikin mota?"

Idonta ya yi ja. Ba na ganin laifinta, ko ni ce haka zan yi, har fiye. Saura kaɗan in gaya mata gaskiya. Amma ɗana ne, kuma ban saba kai ƙarar ɗana wurin matarsa a tsaye a bakin ƙofa ba.

Na ce, "Ranar shida ga wata, ƙarfe tara, ofishin 'yan sandan hanya na gabas. Ki nemi izini a wurin aiki ki zo."

"In zo in ga me?"

"Ki zo dai."

Ta sauka ba ta waiwayo ba. Na ji tana taka matakalar nan a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Lahadi, 28 ga Afrilu, da safe

Me ya sa na ce ta zo? Ni kaina ban san abin da zan faɗa a can ba.

Talata, 30 ga Afrilu, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na hau bas na je mararrabar. Na tsaya gaban mai sayar da dankalin gashi na kalli danja ta yi ja sau goma sha ɗaya. Mutane suna tsayawa. Ba wani abu ne mai wuya ba, har masu manyan motoci suna tsayawa.

Na yi ta tunanin Haitao. Shekararsa talatin da shida, baya ya riga ya fara ciwo, ƙarfe biyar yake fita. Wata takwas ya yi yana neman aikin nan. Ranar da ya samu ya zo nan gidan ya ci kwano uku na taliya yana dariya kamar yaro. In suka sallame shi, ni zan ga fuskarsa.

Wataƙila in sa hannu. Sau nawa na sa a baya? Me ya rage a sunana da zan kare?

Alhamis, 2 ga Mayu, da yamma

Hutun ma'aikata, lambu cike da mutane. Na san mahaifiyar Lifen tana kai Niuniu wurin lilo, na je na zauna a benci kamar mai shan iska. Matar ta gan ni ta yi kamar ba ta gani ba, amma Niuniu ta sheƙo da gudu ta faɗa jikina. Tabon ja ne, tsawon ɗan yatsana ƙarami.

Ta kama kunnena ta raɗa mini: "Kaka, yanzu ba matakala ba ce. Baba ya ce ke kika tuƙa mota. Na haddace. In faɗa miki?"

Ta miƙe tsaye ta haɗa ƙafafu, ta sa hannuwa a baya yadda suke yi in za su rera waƙar makaranta, ta karanto mini. Kaka ta zauna gaba. Baba ya zauna gefe. Kaka ta taka birki. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, ta tsaya tana jiran in tafa mata.

Na tafa. Me zan yi, yarinya ta yi ƙoƙari.

Na dawo gida a ƙafa, tasha shida, ban ji nisan ba. Ba zan sa hannu ba.

Juma'a, 3 ga Mayu, da safe

Ba zan sa hannu ba.

Lahadi, 5 ga Mayu, bayan abincin yamma

Na kira shi na gaya masa, don kada ya ce na yi masa ba-zata. Ya yi dariya ya ce, "Mama, ke dai da fushi. Ƙarfe takwas da rabi zan zo ɗaukarki." Na sake faɗa. Ya ce in sa riga mai kauri, ofishin akwai sanyi.

Bai taɓa jin a'a daga bakina ba, shi ya sa bai gane ta ba da ta fito. Laifin wa? Na san amsar, ba sai an gaya mini ba.

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Mun je. Lamba ta goma sha bakwai muka samu. Rabin masu zaman jira tsofaffi ne irina, kowace da ɗanta ko surukinta a gefe yana raɗa mata sunan titi da lokaci. Wata ma a tafin hannu aka rubuta mata. Haitao ya fara raɗa mini nawa, na ce na san titin.

Lifen ta shigo ana kiran sha biyar. Fuskar Haitao ta canza. Ya ce, "Ke kuma fa?" Ta ce Mama ce ta gayyace ta.

'Yar sandan da ke taga yarinya ce, ba za ta wuce talatin ba. Ta juyo mini da fuskar kwamfuta. Hoton daga baya aka ɗauka, lambar mota ta fito sarai, amma ba a ganin kowa a ciki. Na daɗe ina kallonsa. Da an ga fuskarsa da kyamara ta hutar da ni, ashe ba za ta hutar da ni ba.

"Gwaggo, tara ga Afrilu, huɗu da minti ashirin. Ke ce a sitiyari?"

Ta turo takarda da biro ta ƙasan gilashi. Haitao ya dafa kafaɗata.

Na ce, "'Yata, shekara tara rabona da sitiyari. Ko birki da totur aka nuna mini yanzu sai na yi tunani."

Ta dube ni, ta dubi kwamfuta. "Gwaggo, ai ga shi nan bara kin wuce kima wajen gudu sau biyu, kin bi hanyar da aka hana sau ɗaya."

"Ba ni ba ce. Na bara ba ni ba ce, na bara waccan ma ba ni ba ce. Hannun dai nawa ne, ni na sa."

Haitao ya ce, "Mama ta rikice ne, ba ta karya kumallo ba."

Na ce na karya, kunu kwano biyu da ƙwai. Na ce ranar ina kujerar baya.

'Yar sandan ta janye takardar. Ta ce, "Mai motar, kawo naka lasisin." Hannunsa ya sauka daga kafaɗata. Ban juya na kalli Lifen ba, amma na ji ta zauna.

Ni kuma aka kai ni wani ɗaki na rubuta bayani shafi biyu. Wani babba ya yi mini faɗa, ya ce abin da na yi shekara tara laifi ne, za su riƙe lasisina sai sun gama dubawa. Na ce su riƙe, shi ne karo na farko da zai kwana inda ya dace.

Da na fito babu motar, babu su. Na hau bas.

Talata, 7 ga Mayu, da yamma

Waya shiru.

Alhamis, 9 ga Mayu, da yamma

Labari ya riga ni zuwa dandali. Ƙanen Tsoho Meng ya kira ya ce na tona wa dangi asiri, na ce ya koyi taka birki. Yaya Dou ta ce, "Shulan, kin shafa wa idonki toka kin kai ɗanki. Ni kam ba zan iya ba." Na ce ban kai shi ba, shi ya kai ni, har da cewa in sa riga mai kauri. Ta yi dariya ta fasa da sauri, ta dubi ko wani ya ji.

Kamfani ya dakatar da Haitao. Ba su ce sun kora ba, ba su ce zai dawo ba. Ban yi nadama ba. Barci ne dai ba na samu sosai.

Litinin, 13 ga Mayu, da tsakar rana

Yau ya fara aji. Na dafa naman da yake so da albasa, na zuba a kwanon tafiya, na ɗaure. Ban kai ba. Yana nan kan tebur.

Lifen ta turo saƙo: "Mama, gobe ƙarfe huɗu. Ina aiki, shi yana aji." Ko haƙuri ba ta ba ni ba. Ba na bukata.

Talata, 14 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Na isa ƙofar makaranta tun uku da rabi. Niuniu ta fito ta riƙe hannuna kamar jiya muka rabu. Muna jiran bas ta ɗago kai.

"Kaka, Mama ta ce in daina faɗin na motarki. Baba ba ya magana. To yanzu wanne zan riƙa faɗa?"

Na ce, "Wanda ya faru."

Ta taɓa goshinta. "Wanne ne shi?"

Da gaske take tambaya. Ta manta.

Na zaunar da ita a bencin tasha, na bar bas ɗinmu ya wuce, na gaya mata. Ga shi yadda na gaya mata, tunda ita ta ji babu dalilin ɓoye wa takarda. Baba ne ke tuƙi, yana duba saƙo a waya. Danja ta yi ja bai gani ba. Wata mata tana tsallakawa da keke, ya gan ta a ƙurarren lokaci ya taka birki, bai taɓa ta ba. Ke kuma kina kan cinyata. Kin yi kuka kin ce bel ɗin kujerarki yana matse ki, ni na kwance ki na ɗora ki a cinya, shi ya sa kika fita daga hannuna kika bugi ƙarfen kujerar gaba. Baba ya yi laifi, Kaka ma ta yi laifi. Ke ba ki yi komai ba.

Ta ce, "Wannan ya fi tsawo. Sai na haddace?"

Na ce a'a, wannan ba a haddace shi. In ta manta ta tambaye ni, ko ta tambayi babanta.